Motar Baba Tana Ƙara da Safe

Litinin, 6:40 na safe

Motar tana wata ƙara. Na murza makulli ta tashi bugu ɗaya kamar kullum, sai ga tak-tak-tak daga gaba ta hannun dama, kamar mai buga ƙusa da ƙaramar guduma yana sauri. Na taka totur, ƙarar ta ƙara sauri. Na ɗaga ƙafa, ta rage. Bayan minti huɗu, da inji ya ɗau zafi, shiru. Shekara tara motar nan tana hannuna tun rasuwar Baba. Na san tarinta, na san atishawarta. Wannan ban san ta ba.

Matata ta leƙo ta taga ta ce, "Maigida, me ka yi wa motar nan jiya?"

Na ce ta rufe min taga.

Jiya ban je ko'ina ba. Wanke ta kawai na yi.

Littafin awon ƙofofi ne wannan. Bayansa babu komai, shi ya sa nake rubutu a nan.

Litinin, 1:15 na rana, a shago

Matata ta kira. Wai an aiko daga dangin Dogo, mijin ƙanwata Auta. Mota ta buge shi jiya da sassafe a kan babur ɗinsa, a hanyar bayan kamfanin ƙanƙara, kuma ba ta tsaya ba. Yana asibiti. Ƙafar hagu ta ragargaje daga gwiwa zuwa ƙasa.

Na ce Allah ya sawwaƙe.

Ta ce, "Iyakar abin da za ka ce ke nan?"

Na ce ina da ƙofa uku da zan haɗa kafin Alhamis.

Yau kwana tara Auta tana ɗakin baƙinmu. Likita ya ɗaure mata muƙamuƙi da waya, da bututun roba take zuƙar abinci. In tana son magana sai ta rubuta a takarda. Ranar da na ɗauko ta daga gidan Dogo, haƙoranta biyu suna ƙulle a hankici, ta ƙi yarda a zubar. A lokacin ba wanda ya aiko mana daga danginsa. Yau sun san hanya.

Na karya ruwan zarto. Sabo ne.

Talata, 6:30 na safe

Ta sake. Kafin in tayar na zaro sandar awon mai. Baƙin mai yana kan layi, amma ya tsinke kamar ruwa. Baba yakan ce in mota ta kwana mai yakan sauka ƙasa, da safe ƙarfe ke cin ƙarfe kafin ya hau sama. Wataƙila shi ke nan. Zan juye.

Laraba, 6:35 na safe

Sabon mai, sabon filta. Tak-tak-tak.

Laraba, 5:50 na yamma

Ina shan shayi a falo Auta ta miƙo min takarda: *Yaya, ka kai ni in gan shi.*

Na yaga. Ta ɗauki wata ta rubuta: *Mijina ne.*

Kofin ya fashe a bango, tazarar taƙi ɗaya sama da kanta. Ba ita na nufa ba. Wallahi ba ita na nufa ba. Amma tun kofin bai bar hannuna ba ta riga ta dunƙule, ta rufe fuska da hannu biyu, gwiwa a ƙirji. Ta iya. An koya mata.

Matata ta share kwalaben. Shayin yana nan a bango, ya zubo har ƙasa.

Alhamis, 6:20 na safe

Na cire fambel na tayar da ita haka nan na ɗan lokaci. In daga famfon ruwa ne ko abin cajin batir, dole ƙarar ta ɗauke, tunda ba sa juyawa. Ba ta ɗauke ba. Na mayar. Sifana ta zame ta ɗebe min fatar yatsu uku. Na yi ta dukan taya da ita har hannuna ya mutu.

Ba mai ba ne, ba fambel ba ne.

Ƙofa biyu na kai. Mai gidan ya ce ɗaya ta karkace. Ta karkace ɗin.

Juma'a, 7:00 na safe

Maƙwabcina mai kemis ya tsaya a bakin ƙofa yana sauraro. Ya ce, "Kafinta, tsohuwar taka ta fara surutu. Ai ranar Lahadi da na ji fitarka da sassafe lafiya lau take."

Na ce ba ni ya ji ba.

Ya ce, "To, ƙila kunnena ne."

Na ce kunnen nasa ne, ya kuma kula da shi, don guda biyu kawai Allah ya ba shi. Ya yi dariya, da ya ga fuskata ya daina.

Ban je ko'ina ba ranar Lahadi.

Asabar, 2:40 na rana

A mahaɗar kasuwar katako wani mai babur ya shigo gabana ba sigina. Ko taɓa ni bai yi ba. Na san na ja birki. Na san na buɗe ƙofa. Abin da na sani bayan nan shi ne mutum huɗu suna riƙe da ni, sifanar taya tana hannuna, shi kuma yana zaune a kwalta jini na zuba daga girarsa yana shiga ido. Magidanci ne, da furfura a gemu. Ledar magani ce rataye a babur ɗin.

Sai cewa yake, "Me na yi maka, bawan Allah? Me na yi maka?"

Babur ɗinsa ja ne, irin na Dogo. Shi ke nan abin da ya yi min.

Mai sayar min da katako ne ya shiga tsakani, ya ɗauke shi zuwa ɗinki. Ya ce min, "Shekara ashirin na san ka, ban taɓa ganin wannan idon ba. Je ka gida."

Lahadi

Ban tayar da ita ba.

Litinin, 11:30 na safe

Na kai ta wurin Baba Kurma. Shi ke duba motar nan tun tana hannun Baba, abokinsa ne, ya ɗauke ni a kafaɗa ina ƙarami. Kunnensa ɗaya ya mutu, amma in ya ɗora tsinin doguwar sukundireba a kan inji ya manna ƙotar a ƙashin bayan kunne, yana jin abin da mai kunne biyu ba ya ji.

Ya bi kan injin gaba da baya. Ya ce, "Lafiyarta ƙalau. Ta fi ni lafiya."

Na ce da safe take yi.

"To ka kawo min ita da zafinta? Mai zazzaɓin asuba ba a duba shi da azahar, ɗana. Bar min ita ta kwana a kan rami. Gobe in tayar da ita da sanyinta, in shiga ƙarƙashi in gani."

Na ce ba sai an shiga ƙarƙashi ba, daga sama ƙarar take.

Ya ce, "Ranar wanka ba a ɓoye cibi."

Na ce ina da aiki. Na ja motata.

Talata, 4:10 na yamma

Sun yanke wa Dogo ƙafar.

Laraba, 6:45 na safe

Minti shida yau kafin ta yi shiru. Tana ƙaruwa. Na ga labulen ɗakin baƙi ya motsa. Kullum in na tayar da motar Auta tana tsaye a wannan tagar.

Alhamis, 3:00 na rana

Na kai matata kasuwa. Kafin mu isa ta ce in tsaya, ta yi amai a bakin hanya. Ta ce motar tana warin hayaƙi a ciki. Ni ma kwana huɗu ke nan kaina kamar ana sara shi da gatari, na ɗauka rashin barci ne.

Da ta dawo ciki ta goge baki ta ce, "Me ya sa ba za ka bar wa Baba Kurma ita ba?"

Na ce ba ruwanta.

Ta ce, "Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as."

Hannuna ya tashi. Bai sauka ba. Sitiyari na daka, hon ya yi ƙara, mutane suka juyo. Shekara goma sha shida ban taɓa ɗaga mata hannu ba. Ba ta kare fuska ba, ita ba ta iya ba. Ido kawai ta zuba min. Ta buɗe ƙofa ta tari tasi.

Juma'a, 5:30 na yamma

Na bar wa Baba Kurma motar. Kafin in kai na shiga ƙarƙashi da tocila da tsumma na sake dubawa. Ban ga komai ba. Na dawo a ƙafa.

Asabar, 9:50 na safe

Zan rubuta yadda aka yi, daki-daki.

Ƙarfe shida na isa gareji, daga ni sai shi. Motar tana kan rami, raɓa ta jiƙe gilashi. Ya buɗe bonet ya ce in tayar. Tak-tak-tak. Bai ɗauki sukundireba ba. Ya zagaya baya ya toshe bakin salansa da tsumma, ƙarar ta ninka, ta koma fat-fat-fat. Ya dawo gaba ya zura bayan hannunsa gefen inji, inda bututan hayaƙi huɗu suke haɗuwa su zama ɗaya.

Ya ce, "Kawo hannunka."

Na ji iska mai ɗumi tana bugun fatata, bugu-bugu, daidai da ƙarar.

Ya haska tocila. Tsaga ce siririya kamar gashi, baƙin hayaƙi ya zagaye ta. Ya ce, "Ga ta nan. In ƙarfe ya yi sanyi yakan tsuke, tsagar ta buɗe baki, hayaƙi ya riƙa fita yana wannan ƙara. In ya yi zafi ya kumbura, ta rufe. Shi ya sa take maka shiru da rana. Hayaƙin kuma cikin mota yake shiga. Wata rana za ka rufe gilashi saboda ruwan sama, ka yi barcin da ba a tashi."

Na ji daɗi. Wallahi na ji daɗi, ashe abin yana da suna. Na ce to a yi walda.

Ya ce, "Tsaya. Wannan ƙarfen ba ya tsagewa don Allah. Wani abu ya tura shi."

Ya sauka rami. Ina jin yana ƙwanƙwasa nan da can. Ya daɗe. Ya ce bututun salansa ya lotse, an tura shi baya kusan yatsa biyu, kamar motar ta hau kan wani abu ta ja shi a ƙasa. Na ji yana ɓamɓarar wani abu da filaya.

Ya fito ya buɗe tafin hannu. Guntun ƙarfe ne lanƙwasasshe, da roba a bakinsa. Abin taka birkin babur. Sau biyu na duba wurin nan. Ya maƙale a saman ƙarfen da ke riƙe da inji, inda ido ba ya kai wa sai hannu.

Ya ce, "Yaya jikin mijin Auta?"

Na shaƙe wuyan rigarsa na maka shi da jikin mota. Sau biyu. Dattijo mai shekara saba'in. Hularsa ta faɗa rami, tabarau ya karye, hancinsa ya fashe. Ba shi da nauyi ko kaɗan, kamar na ɗaga kujerar roba.

Bai yi ihu ba. Ya bari na sake shi, ya share hanci da tsumman da ya toshe salansa. Ya ce, "Ni kurma ne, ban ji komai ba. Ka karya min tabarau, ban ga komai ba. Ungo kayanka." Ya sa min ƙarfen a aljihun riga da hannunsa. "Amma ba zan taɓa motar nan ba. Fitar min da ita. Na gode wa Allah da abokina bai ga yau ba."

Lahadi, 8:00 na safe

Yana aljihuna. Na je zan jefa shi a kwata sau biyu.

Talata, 6:15 na yamma

Auta ta je asibiti jiya, ita da matata, a tasi, ba wanda ya gaya min. Ta dawo da saƙo: Dogo yana son ganina, ni kaɗai.

Na je yau. Gado na shida, kusa da taga. Ya rame. Bargon ya kwanta shafal a inda ƙafar take da. Ya washe baki.

"Yaya! Sannu da zuwa. Ja kujera. Ya aiki?"

Na tsaya.

Ya rage murya. "'Yan sanda sun zo sau uku. Na ce musu ban ga komai ba, daga baya aka zo min. Amma ka san ciwo, wani lokaci yakan dawo wa mutum da tunani. Jiya sai na ga kamar farar mota ce mai dogon baya, da ƙarfen ɗaura katako a samanta. Kamar ma ta wuce, ta tsaya, ta dawo da baya." Ya gyara filo. "Asabar za a sallame ni. Gurgu yana bukatar matarsa, Yaya. In ina samun kulawa, ina jin mantuwar nan za ta ɗore."

Na ɗora hannu a kan dungun, ta saman bandeji, na matsa. Ina ji yana tsuma. Ya ciji bargo, hawaye na zuba, jini ya ɓullo ta farin ƙyallen ya taɓa min yatsu. Bai kira kowa ba. Da na ɗaga hannu ya yi numfashi ya ce, "Na gode. Ka ƙara min shaida."

A bakin ƙofar ɗakin na ga Auta da kwanon abinci. Ban san tun yaushe take tsaye ba.

Alhamis, 7:30 na safe

Auta tana haɗa kaya. Ta fara magana yanzu, ta tsakanin haƙora, wayar tana nan.

Na ce ba inda za ta.

Ta ce, "Matsa, Yaya."

Na fizge jakar na watsar da kayan a tsakar ɗaki. Ta durƙusa tana tsincewa ɗaya bayan ɗaya, tana ninkewa. Na sake watsarwa. Ta sake tsincewa. A karo na uku matata ta shigo ta durƙusa tana taya ta.

Asabar

Ta tafi.

Litinin, 6:30 na safe

Minti tara.

Laraba, 6:30 na safe

Minti tara. Ban je shago ba. Matata tana kwana a ɗakin baƙi, tana sa sakata.

Juma'a, 7:20 na safe

Jiya matata ta kai wa Auta man shafawa. Ta dawo ta ƙi haɗa ido da ni. Sai da safen nan na matsa mata ta faɗa. Shati biyu a bayan Auta, ɗaya a damtse. Da sandar da asibiti suka ba shi. Yana zaune ya ce ta matso ta gyara masa filo.

Na ɗauki babbar guduma na jefa a kujerar gaba. Na tayar. Ban jira ta yi zafi ba, na sa giya. Sai ga matata a gaban bonet, ba takalmi, ta dafa shi da hannu biyu.

Na ce ta kauce. Na yi hon. Na taka totur, motar ta yi tsalle ta taɓa mata cinya. Ba ta motsa ba.

Ta ɗaga murya ta fi injin. "Taka! Ai ka iya! Ka je ka kashe shi, su rataye ka, ita kuma ta ɗauki gawa biyu a ka har ta mutu. Da me yake riƙe da ita? Da kai yake riƙe da ita! Kai ne igiyar!"

Maƙwabta sun fito. Na kashe motar.

Mun daɗe a haka, ita a waje ni a ciki. Daga baya ta zagayo ta buɗe ƙofa ta ɗauke gudumar, ta shiga da ita gida.

Asabar, 4:00 na yamma

Na gyara ƙofar da ta karkace na kai wa mai ita. Na je gidan mai babur ɗin nan na kasuwar katako, ɗinki biyar aka yi masa, ya karɓi gaisuwata a tsaye. Na je gareji. Baba Kurma yana cikin rami, ya ɗaure tabarau da zare. Na durƙusa a bakin ramin na yi magana mai tsawo. Ban sani ba ko ta kunnen mai ji na tsaya. Bai ɗago ba. Da zan tashi ya ce, "Sauke gilashi in za ka tuƙa ta."

Na ba matata makullin shago. Ta tambaye ni riga nawa za ta sa min a leda.

Litinin, 10:05 na safe, a benci, ofishin 'yan sanda

Motar tana waje. Na ajiye ƙarfen a kan kanta na faɗi abin da ya kawo ni. Na kan kantar ya dube ni kamar mahaukaci, ya ce in zauna, mai bincike ya fita shan shayi.

Auta ta zo. Matata ce ta kira ta. An cire mata wayar ranar Asabar, bakin bai gama buɗewa ba. Ta tsaya a kaina. Na miƙe, sai ta kwaɗa min mari, a gaban kowa. Tun da aka haife ta ba ta taɓa ko harara ta ba. Hannun ba ƙarfi, amma na ji shi.

Ta ce, "Wa ya aike ka? Wancan karon wa ya aike ka, yau wa ya aike ka? Shi bai taɓa tambayata abin da nake so ba. Kai ma haka. Kowa sai ya yi abin da ransa ya ba shi, ya ce don ni."

Na ce gaskiya ne.

"Kar ka ce min gaskiya ne!"

Ta zauna a ƙarshen bencin. Sai a lokacin na lura da jakarta, babbar, a gefen ƙafarta.

Na ce, "To me kike so, Auta?"

Ta ce, "Ban sani ba tukuna. Ba gidansa ba. Ba gidanka ba kuma. In na sani, ni zan faɗa."

Ta ce in ciro agogona in ba ta kafin su karɓe. Na ba ta. Ya yi mata yawa, ta tura shi har kusa da gwiwar hannu ya tsaya.

Mai binciken ya dawo. Yana tambaya wane ne kafintan.